Digirin Kasuwanci Da Rumfar Baba

A 'yan shekarun nan da wuya a yi wata uku ba a gayyace mu walimar wani ɗan zango ko 'yar zango da suka gama digiri na biyu ba. Yau a Nima, gobe a Madina, jibi a Aboabo ko Asawase. A kafa rumfa, a dafa shinkafa da wake, malamai su yi addu'a, mai walima ya fito da doguwar rigar nan da hula mai tuntu ana ta ɗaukar hoto. In ka tambaya me aka karanta, sau da yawa amsar ɗaya ce: kasuwanci, wato abin da yaran ke ce wa MBA. Muna murna da haka ƙwarai, domin mun san lokacin da in an ce makaranta a zango, ta allo kaɗai ake nufi, wanda ya kai ɗansa boko kuwa sai an yi da shi a bakin masallaci.

To, a wajen wata walima irin wannan ne muka ji wani dattijo ya juya ya tambayi uban yaro, wanda ya yi shekaru fiye da talatin yana sarin albasa. Ya ce, "Alhaji, yanzu ke nan shi zai karɓi rumfar, ka huta?" Alhaji ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, da wannan karatun? Ai banki zai shiga." Aka yi dariya gaba ɗaya, aka ci gaba da cin abinci. Mu dai maganar ba ta bar mu ba. Albasa ce ta biya kuɗin makarantar yaron nan tun daga firamare har jami'a. Karatun da ya yi na ƙarshe kuwa, in an duba takardarsa, a kan tafiyar da ƙananan sana'o'i ne da kafa sababbi. Ga ƙaramar sana'a a cikin gidansu, mai rai, mai abokan ciniki daga Galmi ta ƙasar Nijar har bakin teku, amma daga uban har ɗan ba wanda ya ga alaƙa tsakanin takardar da rumfar.

Wai shin mene ne karatun?

Bari mu fara da bayani saboda iyayenmu da ke biyan kuɗin ba tare da an taɓa zaunar da su an gaya musu abin da suke saye ba. Digirin MBA a Amurka aka haife shi. Jami'ar Harvard ta buɗe makarantarta ta kasuwanci a 1908, kuma manufarta a lokacin ita ce horar da manajoji ga manyan kamfanoni, irin su na jirgin ƙasa da masana'antu. Ba a yi shi don mai shago ba. Sai a 1947, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wani malami mai suna Myles Mace ya fara koyar da darasi a kan yadda ake kafa sabon kamfani a tafiyar da shi, ɗalibai 188 suka zauna masa, da yawansu sojoji ne da suka dawo daga fagen fama suna neman abin yi. Daga nan ne wannan reshe ya yi ta tofo har ya zama fanni mai cin gashin kansa, ana yin digiri na biyu da na uku a cikinsa.

A nan Gana, makarantar kasuwanci ta Legon ta samo asali ne daga kwalejin koyon mulki da ta shiga ƙarƙashin jami'ar a 1962. GIMPA an kafa ta a 1961 don horar da ma'aikatan gwamnati, daga baya ta buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa. KNUST ta Kumasi ta buɗe tata makarantar kasuwancin a 2005, Jami'ar Cape Coast kuma tana da cibiya ta musamman a kan ƙananan sana'o'i. Ga kuma jami'o'i masu zaman kansu barkatai. Akwai karatun rana, akwai na yamma, akwai na Asabar da Lahadi don masu aiki, akwai na nesa ta intanet. MBA galibi shekara biyu ne kuma ya fi karkata ga aiki. MPhil na bincike ne, ya fi dacewa da mai son zama malamin jami'a. Yaro da yawa kan shiga ɗaya alhali ɗayan yake bukata, don ba wanda ya bambance masa.

Abin da ake koyarwa a ciki ba sihiri ba ne. Ana koyar da lissafin shiga da fita, da yadda ake sanin ainihin kuɗin da kaya suka ci kafin a sa musu farashi, da yadda kuɗi ke zagayawa daga sari zuwa sayarwa zuwa karɓar bashi. Ana koyar da dokar kamfani da haraji, da talla, da riƙon ma'aikata, da rubuta tsarin kasuwanci irin wanda banki ko mai zuba jari zai karanta ya gane. A ƙarshe ɗalibi ya rubuta kundin bincike. Hanyar koyarwar da aka fi ji da ita ita ce a kawo labarin wani kamfani na gaske da ya shiga matsala, a ce wa ɗalibai, da ku ne, me za ku yi? Matsalar ita ce yawancin labaran nan daga Amurka da Turai suke zuwa. Yaro zai iya yi maka bayanin yadda wani kamfanin kofi ya mamaye duniya, amma ka tambaye shi nawa buhun albasa ke ci daga gona zuwa Adjen Kotoku, da kuɗin mota da na hanya da ruɓa, sai ya tsaya yana sosa ƙeya.

Abin da aka zo aka koya a wajenmu

Ga wani abu da ya kamata kowane ɗalibin kasuwanci ɗan zango ya sani. Kalmar nan da malamansu ke yawan faɗa a lacca, wato tattalin arzikin da ba ya cikin rajistar hukuma, a Nima aka samo ta. Wani Bature ɗan Ingila, Keith Hart, ya zauna a Nima a tsakiyar shekarun 1960 yana nazarin 'yan ci-rani Farafara da suka zo daga arewa. Takardun gwamnati sun ce mutanen nan ba su da aikin yi. Shi kuwa ya ga kowa da abin da yake yi tun asuba har dare: mai dako, mai tireda, mai ba da bashi, mai gyaran rediyo, mai sayar da koko. Ya gabatar da takardarsa a 1971, aka buga ta a 1973, kalmar ta bazu duniya, har Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da Bankin Duniya suka ɗauke ta. Yau ɗan Nima yana biyan dubban sidi don a karanta masa ita daga littafin da aka buga a Landan.

Ba shi kaɗai ba. Polly Hill, wadda ta yi aiki a Legon, ta rubuta a 1966 a kan tsarin maigida da dillali, har da mahautan Kumasi. Abner Cohen ya yi irin wannan a Sabo ta Ibadan, littafinsa ya fito a 1969. Abin da ya ba su mamaki, mu a wurinmu ruwan sha ne. Baƙo ya kawo shanu daga arewa, ya sauka gidan maigida, a ba shi ɗaki da abinci. Dillalin maigida ya nemo mahauci, a sayar da shanun bashi, ba takarda ba sa hannu, maigida ya tsaya lamuni. In mahauci ya ƙi biya, maigida ne zai biya daga aljihunsa, shi kuma mahaucin ya gama sayen sa a wannan kasuwa. A cikin wannan tsari ɗaya akwai masauki, akwai banki, akwai inshora, akwai kuma ofishin tantance wanda ya cancanci bashi, duk a cikin kan mutum ɗaya da yaransa. Har gobe in ka je Tulaku ta Ashaiman za ka ga ragowar wannan tsari yana aiki.

Haka kakanninmu suka riƙe cinikin goro tsakanin Gwanja da ƙasar Hausa, tafiyar watanni da jakuna, madugu a gaba. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, fatake ba su zauna suna kuka ba, suka bazu Kete-Krachi da Kintampo da Kumasi da Akra, wadda iyayenmu ke ce wa Ankara, aka kafa zangunan da muke ciki. Alhassan Dantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, a wannan hanya ya koyi fatauci, ya zauna a Akra, kuma yana cikin waɗanda suka fara ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Ikko maimakon bin ƙasa da jaki. Malaman jami'a suna da dogon suna ga irin wannan, wato mutum ya haɗa tsohon kaya da sabuwar hanya. Shi bai san sunan ba, ya dai yi. Ya rasu a 1955 yana cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma, kuma simintin tattaɓa-kunnensa Aliko Dangote ake zubawa a buhu a Tema.

Har ila yau, wata malama 'yar asalin Indiya da ke koyarwa a Amurka, Saras Sarasvathy, ta zaunar da gawurtattun masu kafa kamfanoni 27 ta ba su matsala ɗaya, ta saurari yadda suke tunani. Abin da ta fitar a 2001 shi ne, ba sa farawa da dogon hasashen kasuwa. Suna farawa da abin da ke hannunsu, da wanda suka sani, kuma ba sa zuba abin da ya wuce wanda za su iya jure asararsa. Yanzu ana koyar da wannan a manyan makarantun kasuwanci. Duk wata uwa da ta fara da tiren ƙosai a ƙofar gida har ta kai ga shagon abinci da ma'aikata shida za ta ce, to da ma yaya ake yi?

Inda tulun yake yoyo

Kada mai karatu ya ɗauka muna cewa mun iya komai, boko ba shi da abin da zai ƙara mana. Da haka ne, da ba mu ga abin da muke gani ba. Ku ƙirga manyan masu kuɗin zango da aka yi a shekarun 1970 da 1980, masu motocin haya da masu shanu da masu goro, ku gaya mana nawa ne kasuwancinsu ke tsaye yau da sunansu. Kowa ya san gidan da aka yi sadakar arba'in ɗin Alhaji, kafin shekara ta zagayo an sayar da motoci, an raba kuɗi, shago ya koma hannun wani. A nan ne muke ganin karatun nan yana da aiki, kuma babba.

Duk ƙarfin tsarin maigida a kan mutum ɗaya yake. Shi ya san wanda yake bi da wanda ke bin sa. Ranar da ya faɗi, masu bin sa bashi za su zo da shaidu tun kafin a share makoki, waɗanda yake bi kuwa sai su yi shiru, in sun haɗu da 'ya'yansa su yi musu gaisuwa mai kyau su wuce. Ba littafi, ba rasit. In ma akwai littafi, da ajami ne ko da wasu alamomi da shi kaɗai ya san ma'anarsu. Sannan a doka, kasuwancin da mutum ya yi wa rajista da sunansa shi kaɗai, shi da kasuwancin abu ɗaya ne, in ya mutu sun mutu tare. Kamfani mai hannun jari, irin wanda dokar kamfanoni ta 2019 ta tsara, shi mutum ne na daban a idon hukuma. Mai shi zai rasu, kamfani ya ci gaba, magada su gaji hannun jari kowa gwargwadon rabonsa na shari'a, ba sai an sayar da mota an yanka kuɗinta ba. Wannan bai saɓa wa rabon gado na Musulunci ba ko kaɗan, abin da ake rabawa ne kawai ya sauya kama. Ga kuma dokar gado ta 1985, PNDCL 111, wadda ke aiki a kan wanda ya mutu bai bar wasiyya ba, kuma rabonta daban yake da wanda malamanmu ke yi. Gidaje nawa ne suka san da ita kafin rigima ta kai su kotu? Yaron da ya yi digiri na biyu a wannan fanni, in bai iya zaunar da mahaifinsa a kan wannan magana ɗaya ba, to ba mu san me ya karanto ba. Mun sani magana ce mai nauyi, ɗa ya ce wa uba a shirya wa bayan ransa. Sai a bi ta hannun limami ko aminin uban.

Sai maganar riba. Mu ɗauki misali. Hajiya ta saro atamfa ta sidi 10,000, ta sayar a kan 12,000, ta ce alhamdu lillahi ta ci 2,000, ta cire su ta yi hidimar biki. Ta koma sari, aka ce kayan da ta saya 10,000 yanzu 13,000 ne. Ashe ba riba ta ci ba, uwar kuɗin ta gutsura, kuma ko da ba ta taɓa ko pesuwa ba, 12,000 ɗin ba za su dawo mata da kayan da ta fitar ba. A 2022 wannan ya faru da dubban mutane. Dala ta tashi daga sidi 6 da 'yan kai a farkon shekara ta haura 13 a watan Nuwamba, hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a Disamba. Shaguna da yawa ana ciniki, kuɗi na shigowa, amma kanta tana ƙara zama fayau. Sa farashi bisa abin da za ka sake saya, maimakon abin da ka saya jiya, darasi ne na mako ɗaya a aji. Wasu tsofaffin 'yan kasuwa sun san shi tun zamanin da sidi ya sha faɗuwa a shekarun baya, amma da yawa sai da jarinsu ya narke suka gane.

Na uku, aljihu ɗaya. Kuɗin shago, kuɗin cefane, gudummawar suna, kuɗin asibitin ƙanin baba, duk daga jaka ɗaya. Ba muna cewa a daina zumunci ba, Allah Ya kiyaye, shi ne ya riƙe mu a baƙunci, shi ne kuma ya tallafi waɗanda aka kora da waɗanda suka rage lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi mako biyu su bar ƙasa a Nuwamban 1969. Amma akwai bambanci tsakanin mai shagon da ya yanka wa kansa albashi yana yin alheri daga ciki, da wanda ke ɗiba daga uwar kuɗi bai sani ba. Wasu masana sun gwada wannan a Akra da Tema. Suka ba masu ƙananan sana'o'i tallafin sidi 150, wasu a hannu, wasu kuma aka raka su aka saya musu kayan sana'a na daidai wannan kuɗi. Sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna cewa waɗanda aka saya wa kaya sun fi samun ƙarin riba, musamman mata masu sana'ar da ta riga ta ɗan kafu. Kuɗin hannu kuwa yawanci hidimar gida ta lashe su.

Takarda ba ta ciniki

Duk da haka, kada a ɗauka da an kawo mai ilmin boko shago sai riba ta hauhawa. A nan Akra aka yi wani gwaji da teloli 160. Aka ɗauko ƙwararrun masu ba da shawara daga wani babban kamfanin akantoci na duniya, suka riƙa zuwa shagunan wasu daga cikin telolin har kusan shekara, suna koya musu rubuta shiga da fita da sauran dabaru. Telolin suka bi shawarar na ɗan lokaci. Riba ba ta ƙaru ba, daga baya kowa ya koma yadda ya saba. An buga wannan a 2015. A Lome ta Togo kuma aka raba masu sana'a 1,500 kashi uku. Kashi ɗaya aka ba su horon kasuwanci irin na littafi, kashi ɗaya aka horar da su a kan himma, wato neman sabuwar hanya da kansu, hango matsala kafin ta zo, da rashin karaya in an faɗi, kashi na uku ba a ba su komai ba. Bayan shekara biyu, 'yan horon himma ribarsu ta ƙaru da kashi 30 cikin ɗari. 'Yan horon littafi kashi 11 ne, kuma masu binciken da kansu suka ce wannan bai kai a kafa hujja da shi ba. A 2017 aka buga.

Gajerun horo ne waɗannan, ba digiri ba, amma mu abin da muka fahimta shi ne ilmin da aka sauke wa mai sana'a daga sama, daga bakin wanda bai taɓa zama a shago ba, ba ya kama ƙasa. Wanda zai yi amfani shi ne wanda ke cikin kan mutumin da ya san shagon ciki da waje, wanda zai kwana ya tashi da shi, wanda in an yi asara shi ma cikinsa zai ɗuri ruwa. Wato ɗan gida. Shi ya sa maganar Alhaji mai albasa ta tsaya mana a rai.

Ba laifin iyaye kaɗai ba ne, ba kuma na yaran kaɗai ba. Uba ya sha rana da ƙura, ya sha wulaƙancin jami'an kan iyaka, ba ya son ɗansa ya sha irinta, burinsa ya gan shi da taye a ofis mai sanyi. Yaron kuma yana jin kunyar abokansa su gan shi yana ƙirga buhu. In ma ya yarda ya dawo, sai ya zo da girman kai, yana gyara wa uban magana a gaban yaran shago, yana cewa komai na nan ba tsari. Uban shi ma ba ya buɗe masa ciki, ba zai gaya masa nawa ke akwai ba, don a al'adarmu ba a ƙirga wa yaro dukiya. Wata uku sai a rabu, yaro ya ɗauki takardunsa ya shiga zagayen ofisoshi, wani ya shekara uku yana nema, yana karɓar kuɗin mota daga rumfar da ya raina.

Ga mai niyyar shiga

Ra'ayinmu, wanda ya gama digiri na farko da hidimar ƙasa kada ya zarce kai tsaye. Ya yi shekara biyu ko uku a cikin kasuwanci na gaske, na gidansu ko na wani ko nasa, ya bi mota zuwa sari, ya bi bashi a hana shi, ya yi faɗuwa ko sau ɗaya. Manyan makarantun kasuwanci na duniya da kansu sun fi son ɗalibin da ya yi aiki tukuna, don wanda bai taɓa rasa kuɗi ba, darasin zagayawar kuɗi tatsuniya ce a kunnensa. In ya shiga, ya zaɓi na yamma ko na ƙarshen mako, ƙafa ɗaya a aji ɗaya a shago, abin da aka koya ranar Asabar a gwada shi ranar Litinin.

A yi lissafin kuɗin kamar yadda ake lissafin kowane sari. Kuɗin makaranta, da na littattafai da mota, da kuma cinikin da za a rasa saboda zaman aji, a tara su, a tambayi kai: da an zuba wannan a cikin shagon, me zai kawo? Wani gidan amsar ita ce a yi karatun. Wani gidan kuwa abin da ake bukata bai wuce wata uku na koyon lissafin kuɗi ba, irin wanda ake samu a ofisoshin ba da shawara na hukumar ƙananan masana'antu, wadda aka sani da NBSSI kafin dokar 2020 ta mai da ita GEA. Abin da ba mu goyon baya sam shi ne a sayar da fili ko a ci bashi mai ruwa don takardar da ba a san me za a yi da ita ba. A 2023 kuɗin ruwan Babban Banki kansa ya kai kashi 30 cikin ɗari, balle na 'yan kasuwa. Kafin a biya ko sidi ɗaya kuma, a bincika ko hukumar GTEC ta amince da makarantar da kuma shi kansa kwas ɗin, don amincewa da makaranta daban, amincewa da kwas daban. Masu tallan digirin wata shida ta intanet daga jami'ar da ba wanda ya taɓa ganin ƙofarta sun yi yawa.

A tuna da 'yan mata. Rabin kasuwancin zango a hannun iyayenmu mata yake, daga abinci zuwa atamfa zuwa kayan ɗaki, su ne kuma masu susu. Mun lura sau da yawa 'ya mace ta fi saurin zama kusa da uwarta ta riƙe mata littafi ba tare da an yi rigimar girma ba. Idan gida zai iya ɗaukar nauyin mutum ɗaya ne kawai, a duba wanda ya riga ya sa hannu a sana'ar, ko mace ce ko namiji.

Akwai kuma abin da ɗalibanmu za su kai wa jami'a, ba karɓa kaɗai ba. Da yawa daga 'yan kasuwarmu ba sa zuwa banki neman bashi saboda gudun riba ta haram, malaman jami'a kuma sai su rubuta cewa mutanen nan ba su waye da harkar kuɗi ba. Alhali a cikin Risala da ake karantawa a zaurukanmu akwai bayanin ƙiradi, wato mai kuɗi ya ba da jari, mai aiki ya juya, a raba riba bisa yarjejeniya, in an yi asara ba da sakaci ba ta faɗa kan jari. Da irin wannan ne iyayen gida suka yi ta sallamar yaransu shekara da shekaru. Ɗalibin da ya san fiƙihun nan kuma ya san dokar kamfani zai iya rubuta shi a takarda yadda kotu za ta karɓa, 'yan'uwa biyar da ke Jamus da Amurka su zuba jari a shagon ƙaninsu ba tare da zumunci ya lalace ba.

Idan lokacin kundin bincike ya zo, muna roƙon yaranmu su daina kwafo maudu'in gamsuwar abokan hulɗar banki da aka rubuta sau ɗari. Ga tambayoyi a ƙofar gida ba wanda ya amsa su da alƙaluma. A Yulin 2021 aka tashi 'yan albasa daga Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku: me wannan ya yi wa cinikinsu da kuɗin motar masu saye? A 2023, bayan juyin mulkin Nijar, an rufe iyakoki, motocin albasa suka maƙale a hanya kaya na ruɓewa: wa ya ɗauki asarar, manomi ko mai mota ko maigida, kuma yaya aka sasanta? Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, alhali sakatariyar yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka tana nan Akra: mai shanu da mai albasa me ya gani a ƙasa? Gobarar Kantamanto ta Janairun 2025 ta cinye rumfuna masu ɗimbin yawa: mutum nawa ne ke da inshora, sauran kuma da me suka tashi? Baƙon mai bincike zai shekara yana neman wanda zai yarda ya gaya masa gaskiyar cinikinsa, da tafinta a gefe. Ɗan gida da Hausa zai yi tambayar, a kan tabarma bayan la'asar, kuma mutumin farko da zai fara yi wa ita mahaifinsa ne.